Jan Ɗigo a Ƙofar Shagon Tela

Hindawiyya, Jidda, Janairu 2010

Muntaka,

Bayan gaisuwa, ina fata sanyin Yukren bai daskarar maka da sauran hankalinka ba. Mu nan lafiya, sai ciwon baya da keken ɗinki ya ba ni tukuici.

Na'ibi mai shagon intanet ya buɗe min shafin da ka ƙera. Na gan ka a kan dutse, ƙanƙara har gwiwa, ka ƙunshe kamar buhun albasa. Na ga tafki ya daskare, kuna gasa nama a bakinsa. Madalla. Ni da na tsaya a aji uku ban san hawan dutse ma darasi ba ne.

Na'ibi ya ce da hannunka ka rubuta shirin, wai duk hoton da aka taɓa, taswira ta nuna inda aka ɗauke shi. Ya taɓa nawa, sai ga jan ɗigo a ƙofar shagona, ga allon kafili, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, a saman kaina. A ƙasa ka rubuta, har da Larabci don kada wani ya sha wahalar karantawa: "Babana Bawa. Ya zo umara, bai koma ba."

Kai, ɗan nan! A iƙamata, takardar zama, sunana Abdulghaffar, mutumin Sudan ɗin da na gaji takardarsa, Allah ya ji ƙansa. Da sunansa kuka ci tuwo. Bawa kuwa 'yan jawazat masu kamun baƙi ne kaɗai ke marmarinsa. Yalla, cire hoton nan yau.

Ubanka, telan da ya haifi injiniya.

Kharkiv, Fabrairu 2010

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Inna da Turai.

Wace kalma ce ƙarya a ciki? Ina ƙarami ka saka ni jirgi zuwa Kano wajen Kawu Adamu, ka ce kana tafe. Bara na zo umara, ni na koma. Ranar da na ɗauki hoton nan kafilinka ya tambaye ka wane ne ni, ka ce ɗan maƙwabci, tunda Abdulghaffar bai haihu ba. Ina tsaye, har dariya ka yi.

Ban cire ba. Shafin nan ne kaɗai wurin da aka rubuta cewa kai ubana ne.

Ka huta lafiya.
Muntaka

Hindawiyya, Fabrairu 2010

Injiniya,

Gaisuwar ma a taƙaice, don ban da numfashi.

Shekaranjiya motar jawazat ta tsaya a layinmu. Ubanka, da gemu da furfura, ya shige ƙarƙashin teburin yanka da almakashi a hannu. Ashe shawarma suka zo saye. Wannan hoton ne ya kamata ka samu, da shafinka ya yi kasuwa.

E, na ce ɗan maƙwabci. Na kuma yi dariya, ita kaɗai na iya. Da na ce ɗana ne, da tare za mu kwana a tarhil, gidan da ake tara mutane kafin a koro su. Ɗan kafili kullum yana shagon Na'ibi. Ran da ya gani, halas, tamu ta ƙare. Innarka da ƙanwarka Turai, wadda ba ta ma san hanyar Kano ba, wa zai riƙe su? Kai da kyamararka?

In uba kake so a shafi, ka bar shi. Za ka same ni a filin jirgin Kano da silifas, ka ɗauka da kyau.

Wassalam. Ban ce Allah ya yi maka albarka ba, ban kuma ce kada ya yi ba.

Bawa

Kharkiv, Maris 2010

Assalamu alaikum.

Na cire ɗigon, na goge allon, na goge sunan. Hoton yana nan. A ƙarƙashinsa na rubuta: "Wani tela, a wata ƙasa."

A gaida Inna. Allah ya ƙara rufa asiri, Malam Abdulghaffar.

Muntaka