Littafin da Ba Na Gimbiya Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Ki rage taurin kai ki riƙa ɗora ta a kan matashi yadda likita ya ce. Mama tana gaishe ki, ta ce kin yi shiru da yawa. Gimbiya ma ƙalau take, haƙorinta na gaba ya fita, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu.

Kin tambaye ni ko an faɗa mata. Ba a faɗa ba. Tun ranar rasuwar matata, Mama ta ce wa 'yar tamu mamanta ta yi tafiya, mu kuma muka bi bayan maganar don babu mai ƙarfin halin warware ta. Ga shi an doshi shekara. Da ta koma wajen Mama da zama, ta tafi da silifas ɗin marigayiya ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta bari ko mai shara ta gusar da shi, wai in mamanta ta dawo za ta nema. Duk ranar da na je sai na tsallake shi kafin in shiga.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba: na rubuta littafi. Yi dariyarki ki gama, ni da kika sha yi wa aikin gida na rubutu. A shago na rubuta shi, a kan teburin da nake goge gilasai, duk lokacin da babu mai gwajin ido. Labarin wata kurciya ce da ta bar sheƙa, ta bar mijinta da 'yarta. Nufina in an buga shi da hotuna in zaunar da Gimbiya in karanta mata, littafin ya faɗi abin da bakina ya kasa.

Na kai wa wani ƙaramin kamfanin ɗab'i. Editarsu doguwar mace ce mai kallon mutum ta saman tabarau, tabaran kuma ya karkace, har hannuna yana ƙaiƙayi in gyara mata. Ta karanta, ta kira ni, ta tambaye ni wane rukuni nake so a saka shi. Na ce na yara mana, ba ta ga tsuntsaye ne ke magana ba? Ta ce tsuntsu mai magana ba shi ke mayar da littafi na yara ba. Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na san yarinyar da na yi wa, wata ce za ta faɗa mini na wane ne?

Amma tana da wata ƙa'ida. Ba ta saka littafi a rukuni sai marubucin ya karanta shi da bakinsa a gaban waɗanda ya ce don su ya yi. Ran Asabar akwai zaman yara a ɗakin karatu na unguwarsu, can za ni. Ki taya ni da addu'a, kuma kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Mai Tabarau


Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a, tsokanar kuma Allah ya yafe miki. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Mama da Gimbiya suna lafiya.

Na je, na kuma sha kunya. Ɗakin ƙarami ne, an shimfiɗa darduma, yaran suna zaune a ƙasa, iyayensu a kujeru daga baya, fanka tana juyawa da ƙyar. Na fara karatu da muryar da na yi ta gwadawa a gaban madubin shago. Shafin farko sun saurara, don akwai kurciya. Da na shiga inda mijin kurciyar yake zaune yana tuna yadda take gyara fukafukanta da safe, sai na ga ɗaya ta kwanta, wata tana tsifar kitson ƙawarta, biyu suna rigima a kan murfin kwalba. Na ɗago kai don in ga ko iyayen za su tsawatar, sai na tarar wani dattijo a kujerar ƙarshe ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Matar da ke gefensa ma tana share ido da bakin mayafi.

Da na gama, Edita ta ce wa yaran su tambaye ni abin da suke so. Wata mai tsayin Gimbiya ta ɗaga hannu ta tambaya yaushe kurciyar za ta dawo. Na ce ai na faɗa a ciki, ta tafi inda iska take kwana. Yarinyar ta ce to in iskar ta tashi za ta dawo ke nan. Wata kuma ta tambaya wa yake ba 'yar kurciyar abinci yanzu. Na duba, ashe a duk littafin ban ciyar da ita ko sau ɗaya ba. Ina can ina fama da baƙin cikin uban.

Bayan an watse Edita ta zaunar da ni. Ba ta yi mini dariya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce littafin yana da kyau, za ta buga shi, amma a rukunin manya, don na mutumin da ya rasa abokin zama ne, kuma dattijon nan shaida ne. Ta ce babba ya riga ya san mutuwa, shi ya sa in ka zagaya ta da kalmomi masu daɗi yake ganewa har ya yi kuka. Yaro kuwa abin da ka faɗa shi yake ɗauka. Ta nuna mini cewa daga farko har ƙarshe ban rubuta kalmar mutuwa ba.

Na fito ina huci, na ce a raina ta riƙe rukuninta. Sai ran Litinin wani mutum ya zo shago da tabaran matarsa a fuska, yana kukan ciwon kai, yana rantsuwa gilashin mai tsada ne. Na ce masa mai kyau ne ƙwarai, amma ba na idonsa ba ne. Ina rufe baki na ji kunyar kaina. Da na karanta wa Gimbiya littafin nan, da na ƙara mata wata shekarar jira a bakin ƙofa, ina ganin na sauke nauyi.

Tsoro nake ji, Yaya. Yanzu babu inda zan ɓuya.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Mai Tabarau


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, sai yanzu na iya zama in rubuto miki.

Na rubuta wani. Gajere ne, in kin gani za ki ce ɗan firamare ya yi. Ya fi na farkon wahala nesa ba kusa ba, don duk jimlar da ta yi mini daɗi sai na gane ɓuya nake yi a bayanta, in soke. A ciki kurciyar ta yi rashin lafiya, ta mutu. Wanda ya mutu ba ya dawowa. Ba laifin 'yar kurciyar ba ne. Babanta ne yake kawo mata abinci yanzu, kakarta kuma tana gyara mata sheƙa. Hotunan ni na zana, kurciyoyin sun fi kama da agwagi.

Sai da na fara shawo kan Mama. Ta yi faɗa, ta ce yarinya ce, me ta sani, in bari ta girma. Na ce mata yarinyar tana girma ne a bakin ƙofa. Ta tashi ta shiga kicin ta ja ƙofa.

Da la'asar na ɗora Gimbiya a cinya a tsakar ɗaki na karanta mata. Ba ta motsa ba har na kai ƙarshe. Sai ta tambaye ni ko mamanta ma irin kurciyar ce. Na ce e. Ta tambaya ko da ta girma ma ba za ta dawo ba. Na ce ba za ta dawo ba, amma muna yi mata addu'a, kuma addu'ar tana isa gare ta. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji a bakinta ba, ta dake ni a ƙirji, ta ce mun yi mata ƙarya. Na ce gaskiyarta ne. Mama ta fito ta zauna a ƙasa kusa da mu, ba wanda ya rarrashi wani.

Da ta lafa, ta ce in sake karantawa. A karo na biyu ta tsayar da ni ta ce na manta abu ɗaya, ban rubuta cewa baban 'yar kurciyar ma ya yi kuka ba, alhali ga shi tana ganin hawayena. Ta kawo fensirinta, na ƙara a ƙasan shafin yadda ta faɗa.

Na koma wajen Edita na amince a buga na farkon a rukunin manya. Wataƙila ya yi wa wani irin dattijon nan amfani, Gimbiya kuma zai jira ta har idonta ya kai. Na nuna mata ƙaramin, ta karanta a tsaye, ta ce wannan kam na yara ne, ta tambaya ko zan ba ta. Na ce sai na nemi izinin mai shi. Kafin in fita na karɓi tabaranta na daidaita mata, hankalina ya kwanta.

Jiya da na je gidan Mama ban tsallake komai a bakin ƙofa ba. Na tambaya, Mama ta ce ba wanda ya taɓa, yarinyar ce da kanta ta ɗauke silifas ɗin da safe, ta goge shi da gefen rigarta, ta saka a akwatin kayanta tare da littafin.

Ki sa marigayiya a addu'a, Allah ya jiƙanta. Gimbiya ta ce in gaishe ki, kuma in kin zo ita za ta karanta miki.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Baban Gimbiya