Jan Ƙyallen Wuyan Ladi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, tare da durƙusawa har ƙasa duk da gwiwar nan da ta fara yi mini gardama. Inna, na san a nan ne ake rubuta fatan kina lafiya. Na rubuta, na goge. Wata bakwai ke nan da muka kai ki makwancinki a Ba'awa, lafiyar da nake roƙa miki yanzu ta kabari ce.

Da kina raye da kin ce in ajiye wayar nan in zo in faɗa miki da baki. To, wannan hanyar ta toshe. Masu leƙen takardar nan su yi haƙuri, ba da su nake ba. Laifi na zo amsawa: Ladi ta ɓata, kuma ni na ɓatar da ita.

Kin tuna ranar Lahadin da kika tsince ta a bayan rumbu, 'yar mage kamar dunƙulen hannu, ruwan sama ya yi mata jagab. Toka-toka ce mai ratsi, irin wadda ake gani a kowane gida na garinmu. Ni ɗanki na fari ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kunya ta hana. "Wancan" nake, ko "malamin makaranta" in kina jin zolaya. Ita kuwa safe da yamma sai Ladi, Ladi. Da na yi miki ƙorafi cikin wasa, cewa kika yi, "Ita ai ba ni na haife ta ba."

Sai kika yagi bakin jan zanenki mai hoton ganye, wanda kika yi shekaru kina zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa da shi, kika ɗaura mata a wuya, sako-sako yadda yatsu biyu za su shige. Babu macen da ba ta san zanen nan ba, daga unguwarmu har gidajen ƙetaren rafi. In ƙyallen ya tsufa ki yagi wani. Shekara takwas zanen yana raguwa, magen tana ƙiba. In ta shiga wani gida ta ɗauke busasshen kifi, ba a jifanta. Ke ake aiko wa da ƙara, ke kuma ki aika da daddawa a ba da haƙuri, a yi dariya a wuce wajen.

Ni kuwa, da yake na karanta littattafai, na sha gaya miki wannan tsumma ne. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba abin wuya na fata ake saka wa mage, da ɗan ƙarfe mai lambar wayar mai ita, ko ta ɓata a dawo da ita. Kika ci gaba da tankaɗe, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Su can magensu ma karatu take yi?"

Ranar da jikinki ya yi tsanani, da hantsi, muna kewaye da ke, na zaci za ki yi maganar gona, ko ta kwanukan ɗakinki. Kika juya fuska wajen bango, yadda kike yi duk lokacin da maganar tawa ce, kika ce, "A kula da Ladi. Ran gobe mage ma baki gare ta." Wasiyyar da kika bar mini ke nan. Ba ki bar mini wata ba.

Bayan sadakar arba'in na gwada tafiya da ita Kano, inda nake zaune, a cikin kwali. Kafin mu fita gari ta yaga kwalin ta dira ta tagar mota, na iske ta kwance a kan gadonki. Ƙanina Isuhu ya ce a bar ta, matarsa za ta riƙa ba ta abinci. Na yarda. Amma na ƙudura cewa zan sauke amanarki irin ta masu ilimi.

Akwai wani shago a Kano da ake sayar da abincin karnuka, Inna, ki ji fa, abincin kare a cikin gwangwani. Can na sayo abin wuya shuɗi na fata, da 'yar ƙararrawa, da ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo. Na sa aka zana lambata a jiki, har da alamar tarawa a gaba, irin ta masu kira daga ƙasar waje, ko da Ladi za ta tsallaka iyaka.

Ranar Asabar na zo gida, na sa reza na yanke ƙyallenki, na jefa shi a murhu. Har yanzu ina jin ƙaurin. Ladi ta yakushe ni a bayan hannu kafin in gama ɗaure mata sabon. Ƙawarki Gwaggo Abu tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Kai malam, ka tuɓe mata rigar uwarka, ka sa mata ta wa?" Na yi mata bayani mai tsawo, kamar ina gaban ɗalibai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa wanda ya nufi rafi da damina.

Abu na farko da littattafaina ba su faɗa mini ba shi ne ɓera ma kunne gare shi. Kaka ta shigo, rumbuna suka cika, ɓeraye suka yi ta shagali, Ladi kuwa duk inda ta sa ƙafa ƙararrawa ta riga ta sallama. A tsakiyar wadata ta soma ramewa. Matar Isuhu tana zuba mata tuwo in ta tuna, kuma mai yara shida ba kullum take tunawa da mage ba. Sai Ladi ta fara nisa da gida, har ƙetaren rafi.

Can akwai gidan da wata mata ta yi watanni a kwance, an je asibiti an dawo, an sha rubutu, babu sauƙi. Da rana tsaka sai ga mage ta shigo tana kaɗa ƙararrawa, ta zauna a ƙofar ɗakin mara lafiyar, da ƙarfe mai lambobi yana walƙiya a wuyanta. Ke ma kin san abin da za su ce. Suka kife ta da kwando, suka kai wa malami. Malamin ya yi adalci. Ya ce shi bai san wannan hatimin ba, amma kada a kashe ta, kashe mage ba alheri ba ne, a dai kai ta inda ba za ta gane hanya ba. Aka sa ta a buhu, aka ɗora a babur zuwa Kwanar Dangora, aka ba direban wata motar masara mai zuwa wajen Doguwa, aka ce ya sake ta a hanya.

Isuhu ya ce maza bakwai ne a zauren malamin, kowa da waya a aljihu. Babu wanda ya yi tunanin kiran lambar. Me zai sa? A garinmu a jikin shago ake ganin lambar waya, ko a bayan mota. Ba a taɓa ganinta a wuyan mage ba.

Da labari ya bazu, uwar mara lafiyar ta zo wajen Gwaggo Abu tana share hawaye. Ta ce, "Wallahi da jan ƙyallen nan yana wuyanta, ko daga nesa na san ta. Ni fa na raka marigayiya kasuwa ranar da ta sayi zanen."

Na yi fushi, Inna. A cikin mota na tsara doguwar maƙala a kaina game da camfi da jahilcin mutanenmu, har da kanu. Kafin in kai Kwanar Dangora na tuna wanda ya riƙe rezar.

Mako uku ina zarya a tashar nan. Direbobi sun san ni. In na ɓullo sai wani ya ɗaga murya, "Ga Baba mai mage nan! Baba, ta kira?" Wani ya ce in biyo shi gida, yana da guda tara, kyauta, har da buhun. Nakan yi dariya tare da su, don in kai ne abin dariya gara a same ka a ciki. Duk baƙuwar lambar da ta shigo kuma sai na ɗauka. 'Yan damfara ba su taɓa samun mai saurare irina ba.

Alhamis ɗin da ta wuce aka kira ni da gaske. Wani mai sayar da maganin dabbobi ne a Burumburum. Ya ce ya ga lambata a wata ruga. Ban tsaya jin sauran ba, na ce ya jira ni.

A wuyan ɗan maraƙi na sami lambar, Inna. Faifan da ƙararrawar, an zura su a igiya, ɗan maraƙin yana tsalle suna kaɗawa.

Wata dattijuwar Bafulatana ce ta ba ni labari. Ta ce magen ta fito daga cikin dawa, ƙashi da fata, ta zura ƙafarta ta gaba cikin abin wuyan garin ƙoƙarin cire shi, fatar ta ci mata hamata har ta yi ruwa. Dattijuwar ta sa wuƙa ta yanke shi, ta shafa mata man shanu, ta ba ta nono. Kwana huɗu magen ta yi a gindin bukkarta, ranar na biyar aka wayi gari babu ita. Ta ce, "Wanda ya ɗaura mata wannan abu bai san mage ba." Ba ta san da shi take magana ba. Na ce, "Gaskiya ne, Inna." Bakina ne ya suɓuce. Wata bakwai ban kira kowa da sunan nan ba, sai da na juya na yi kamar ina duba shanu.

Ta tausaya mini. Ta ce in faɗa mata alamar da za a gane magen da ita, za ta sanar a sauran rugage da wajen masu tallar nono. Na buɗe baki na ce toka-toka ce mai ratsi. Sai ta nuna mini gindin amalanke da haɓa. Guda biyu ne kwance a wurin, toka-toka masu ratsi, suna kallona.

Na shiga gonakin dawa har la'asar, da furfurata da takalmin ofis, ina kiran Ladi, ina ƙoƙarin kwaikwayon muryarki. Ban iya ba. Ke ja kike yi a ƙarshen sunan, ni kuwa kamar ina kiran rajista.

An fara yankan dawa. In fili ya buɗe zan koma, sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, ko ta gifta a gabana ban tabbata zan gane ta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta amsa mini ba. Abu ɗaya kika ce in riƙe miki, Innata. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kina cikin ni'ima. Allah ya ba matar ƙetaren rafi lafiya. Ladi kuwa, in tana raye, duk ƙofar da ta zauna, Allah ya sa ta mai tausayi ce. In ta riga ni zuwa, Allah ya sassauta mini ranar da za a tambaye ta.

Ɗanki,
Habibu