Ba Basir Ba Ne Ya Kwantar da Malam Habu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Masallacinmu na Morrisania.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Rabi, matar marigayi Malam Habu direban tasi. Na ajiye kunya na rubuto a fili saboda ƙanensa Iliya, wanda ya kama hanyar da wansa ya bi.

Na farko. Malam ya sauka New York a ƙarshen shekarun tamanin siriri kamar sillen kara. Zaman mota wuni guda, shinkafa da naman rago, lemon kwalba, sai ga tumbi. Kuka yi ta tsokanarsa wai Amurka ta karɓe shi. Da hotonsa ya isa Katsina, mahaifiyarsa har sadaka ta yi.

Na biyu. Da ya fara ganin jini a bayan gida, abokansa ya gaya wa bayan sallar Juma'a. Kowa ya ce basir ne, ciwon direbobi. Aka haɗa shi da mai jiƙon nan da kwamitinku ya ba wurin tebur a ƙofar masallaci. Ya daɗe yana sha. Da ya fara ramewa, aka ce ai maganin ne ke narkar da kitse, har barka aka yi masa.

Na uku. Ranar da ya faɗi aka kai shi asibiti, likita ya yi mana bayani. Wani ɗan tsiro ne ke fitowa a cikin babban hanji, ya fi kama masu ƙiba da kitsen ciki. Yakan yi shekaru ba ya ciwo, kuma in an leƙa da na'ura da wuri, cire shi ake yi mutum ya koma gida. Na Malam ya riga ya zama ciwon daji. Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke ci mini rai shi ne, wata nas 'yar uwarmu daga Parkchester ta taɓa neman izinin yi wa jama'a wannan bayani, ka ce maganar hanji ba ta masallaci ba ce. Mai jiƙo kuwa har yau yana tallan maganin basir da babbar murya a ƙofarku.

Yanzu Iliya ke jan motar, tumbinsa na taɓa sitiyari. Matarsa ta gaya mini ya fara ganin jinin, ga kwalbar jiƙo a ƙarƙashin kujera. Ni matar wansa ce, wasa ke tsakaninmu, duk abin da na faɗa dariya yake yi. Ya ce shi ba mai leƙa masa ciki da girmansa.

Ranka ya daɗe, roƙona ke nan. A ba nas ɗin nan dama ta yi magana. A ja kunnen mai jiƙo, duk wanda ya ce masa yana ganin jini ya tura shi asibiti. Sannan kai ne ka wanke gawar Malam da hannunka, ka ga abin da ya rage na jikinsa. Ka kira Iliya ka gaya masa, maganarka yake ji.

Matarsa ce ta taya ni zaman takaba daga farko har ƙarshe. Ina roƙon Allah kada in rama mata wannan zaman.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon jama'a, ya jiƙan magabatanka.

Wassalam, daga 'yarka mai jiran amsa,
Rabi, Highbridge.