Rautar da Iya Ke Yi wa Turare

Malam Haladu, assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna in na faɗe shi a majalisa dariya za a yi mini, ni kuwa cina yake yi.

Ni manomin shinkafa ne, gidanmu yana cikin garin Haɗeja, gonata tana fadamar Auyo. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyarmu, Iya, ni ne kuma nake zaune da ita tun rasuwar mahaifinmu. Autanta, bari in kira shi Zaharaddin, yana aiki a Fatakwal, sai da Sallah muke ganinsa. Zuwansa na ƙarshe ya kawo mata babbar waya da rauta, 'yar na'urar nan da ake sa wa sim ta watsa wayfay a gida, wai don su riƙa kiran bidiyo bayan la'asar.

Malam, tun daga ranar rautar nan ta zama 'yar gaban goshi. Iya ta buɗe kabad ɗinta mai gilas, inda kwallayenta na aure suke, wanda ko matata Bushira ba ta isa ta taɓa ba, ta yi mata mazauni a tsakiya. Ta sa aka saƙa mata 'yar riga don kada ta yi datti. Kakannin Iya daga Barno suka zo, ba ta wasa da turaren wuta, to kullum in ta turara ɗaki sai ta kai kaskon bakin kabad ta turara rauta. Matan unguwa kuwa duk wadda ta shigo sai Iya ta sa Bushira ta ba ta lambar sirri, wai a ɗanɗana arzikin auta. Har a zaure nakan tarar da mutane sun duƙufa a kan wayoyinsu.

Ni fa? Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, a bayana na goyi Iya har bakin kwalekwale. Shinkafar da take ci ni na noma ta, kifin miyarta ni nake tsayawa in saya a bakin kogi, asibiti ni ne a layi. Ban taɓa jin ta yi labarina a gaban mutane ba. Sunana ma ba ta faɗa, sai dai ta ce a kira mata wancan. Na san alkunyar ɗan fari ce, ba yaro ba ne ni, amma in na jiyo ta tana ta Zaharaddin kaza, Zaharaddin kaza, tana yi wa gilashin waya dariya, wallahi sai in tashi in bar gidan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi nake yi, ba zan ɓoye maka ba, kuma da akwatin wayfay nake yin sa.

To yanzu rautar ta fara sandarewa. Ana cikin hira sai fuskar Zaharaddin ta tsaya cak, baki a buɗe. Fitilunta suna nan a kunne, amma babu wayar da ke tafiya a gidan. In na cire ta daga soket na mayar sai ta farfaɗo, an jima ta sake, musamman da rana in gari ya ɗau zafi. In na taɓa ta sai in ji ta kamar an sauke tukunya. Data ba ta ƙare ba, na duba. Wutar sola muke amfani da ita, kuma cajarta ta asali ta ɓata, da wata muka maye. Iya takan dube ni kamar ni na yi wa rautar baki. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, duk sanda bakin nan ya ƙage a buɗe sai in ji sanyi a raina. Shi ya sa ban wani tashi tsaye a kan gyaran ba.

Sai ga shi makon jiya Zaharaddin ya kira ni ya ce tunda garinmu ba sabis, ga kuma damina ta ƙarato da fargabar ambaliya, zai zo ya ɗauki Iya ta koma wurinsa. Har ɗaki ya gyara mata. Iya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma na ga ta fito da jakar tafiyarta ta shanya. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Malam, me ke damun na'urar nan? Kuma ni me ke damuna?

Ɗan Zaman Gida, Haɗeja

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da akwatin, don ya fi zuciya saurin gyaruwa.

Bisa abin da ka zayyana, rautar nan gata ne yake neman kashe ta. Na'ura ce mai fitar da zafi ta ƙananan ramukan jikinta. An sa mata riga, an rufe ta a kabad, ana bin ta da hayaƙi mai maiƙo, ga zafin Haɗeja, dole ta sandare. Kwallayen ƙarfen da ke kewaye da ita kuma suna tare mata hanya. Ka fito da ita, ka tuɓe mata rigar, ka goge ramukan da busasshen burushi, ka ɗora ta a wuri mai tsayi kusa da taga, inda iska ke shiga amma rana ba ta dukanta. Ka nemo caja daidai da ƙarfin da aka rubuta a ƙasanta, domin baƙuwar caja a kan wutar sola kaɗai ta isa ta jawo wannan ciwon. Sannan a canza lambar sirri. Wayoyin unguwa guda a kan 'yar rauta ɗaya tamkar ciyawar kacala ce da ta toshe magudanar gonarka, ruwan yana nan amma ba ya wucewa. In ta sake tsayawa bayan duk wannan, cire sim ɗin ka gwada shi a wayarka nan take. In can ma bai yi ba, matsalar sabis ce, sai a gwada wani layin. In ya yi, kai rautar wurin masu gyara su sabunta mata manhaja, in ta ƙi a sauya ta.

Kada ka yi wa Iya wannan da gadara. Ka nuna mata cewa na'urar numfashi take so, ka kafa wa rautar katako mai kyau, rigar a shimfiɗa ta ado a wani wurin. Maƙwabta kuwa, a bar su su sha da safe in babu kira.

Sai kuma kai. Ciwonka na gaskiya ne, ban raina shi ba, wanda ya goyi uwa a cikin ruwa ya cancanci ya ji an yaba masa. Amma uwar da ta tashi cikin alkunya ba za ta sauya harshe da tsufanta ba, kuma ba a yi wa wanda ake gani kullum marhabin. Ka kuma dubi ƙanenka da adalci. Shi abin da ya mallaka na Iya hoto ne a gilashi, shi ma yana tsayawa. Zai yi wuya a ce ba ya kishinka. Fargabarsa ta ambaliya ma ba shirme ba ce. Ka kira shi ka faɗa masa ka gano matsalar, ka gaya masa tanadin da ka yi wa damina, sannan ku tambayi Iya inda take son zama, domin ita ba kaya ba ce da za ku yi ta ja.

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Abin da kake kishi da shi, shi ne ke riƙe maka Iya a gida, domin muddin tana ganin autanta daga ɗakinta ba ta da dalilin bin sa Fatakwal. In ka bar shi ya mutu don huce haushi, kai ne za ka koma zama bayan la'asar da waya a hannu, kana jiran fuskar mahaifiyarka ta motsa. Tashi ka gyara yau, kada ka bari sai gobe.

Allah Ya ƙara wa Iya lafiya, Ya haɗa kanku, Ya sa ku gama da ita lafiya.

Malam Haladu