Sai Morenike Ta Ce

Zuwa ga ƙanwata Morenike,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Akanji. Allah ya ƙara buɗi a wannan bincike naki na Turai. Mu nan Ibadan alhamdulillahi, 'yata Adunni ta fara tafiya, har tana ɓarar mini da miyar ewedu, wato lalo.

Sakamakon Mama ya fito, ciwon dajin nono ne. Likita ya ce akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin jiki da ke karɓar saƙon sinadarin mata, ya umarce su su yaɗu. Shi ya gina nonon da muka sha, yanzu kuma shi ke ciyar da ƙullutun. Likitan ya rubuta ƙwayar maganin da za ta toshe wa furotin ɗin kunne. Bai rufe baki ba Mama ta gyara ɗauri, ta ce ai wannan furotin ɗin 'yarta ce ke bincikensa, don haka yaro ya adana takardarsa tukuna. Likitan da take ce wa yaro fa har da furfura!

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Ni ke tuƙa mata amala, ni ke bin layin asibiti, ni ke wanke mata ciwo. Amma a wajen taron addu'a na asalatu ta ce wa ƙawayenta, "Ibironke ai ƙafa ce, Morenike ce kai." Suka kwashe da dariya, ni kuwa ina durƙushe ina zuba musu ruwa.

Ga inda matsalar take. Na sayo maganin, amma Mama ta ajiye shi a ƙarƙashin hotonki na kammala karatu, ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka. Cewa take, "Ke dai kawo ruwan wanka, sai Morenike ta ce." Ƙullutun kuwa ba ya jiran kowa.

Don Allah ki kira ta. Kada ki yi mata dogon bayani, kada ki ce ni na sa ki. Ki ce ta sha kawai. Ni zan tsaya a gefe da kofin ruwa, in ji tana yabonki.

Ki gaida Akanji. Baba Alamu da Anti Sikira suna gaishe ki.

Yayarki,
Ibironke