Soson da Baba Ya Daina Wankewa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Antina da 'yarmu Aku. Allah Ya buɗa maka ƙofofin alheri a inda kake, Ya sa ka fi ƙarfin aikinka, Ya tsare ku daga ciwo da kewar gida. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi sosai, har ta koma hawa bene yin shanya da kanta, duk da na hana ta. Shagon wanki yana tafiya daidai, na sayi sabon dutsen guga, kuma har yanzu Baba bai yarda cewa na iya karya hannun riga kamar yadda ya koya mini ba. Kullum sai ya leƙo ya ɗaga riga ɗaya ya girgiza kai, sannan ya koma ciki.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali ga waya. Dalili shi ne duk lokacin da na kira ka, kafin mu gama gaisawa Aku ta ƙwace wayar, kuma maganar da nake ɗauke da ita ba ta gaban Aku ba ce tukuna. Ka kwantar da hankalinka, labarin daɗi ne. Sai dai ya biyo ta wata hanya mai wuya, kuma ina so ka ji shi tun daga farko.

Ka tuna ranar da za ku tafi, yadda Aku ta tsaya gaban ɗan akwatin gilashinta na kifi tana kuka, ta ƙi shiga mota sai da Baba ya ɗora hannu a kan murfin ya yi mata alkawari cewa zai riƙe mata su har ta dawo. Kai ka san Baba da alkawari. Tun da ya bar mini shago hannunsa ya fara rawa, babu wanda ya ƙara damƙa masa wani abu ya ce ga amana, sai wannan yarinya. Ya sa aka ɗora akwatin a kan teburin falo kusa da kujerarsa, ya haddace sunayen da ta raɗa wa kifayen, yana ba su abinci da ɗan yatsa yana yi musu faɗa idan sun yi haɗama. Ba a jima ba sai injin tace ruwan da kuka bari ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki, daga baya ya mutu gaba ɗaya. Da na buɗe shi sai na tarar da 'yan jarirai guda-guda a maƙale a ciki, ashe kifayen suna haihuwa, injin yana zuƙe 'ya'yan ba mu sani ba.

Akwai wani mai sayar da kifin ado da yake kawo mana wankin rigunansa, kowa Mai Kifi yake ce masa. Shi na yi wa bayani, washegari ya zo da wani abu da na ɗauka wasa yake yi. Soso ne baƙi mai siffar gwangwanin madara, da 'yar roba a tsaye a tsakiyarsa, da siririn tiyo da ya haɗa shi da ɗan ƙaramin injin iska da ake ajiyewa a waje. Iska tana shiga ta tiyon ta tashi sama ɓul-ɓul, tashinta yana janyo ruwa ta cikin soson a hankali, datti ya maƙale, ruwa ya wuce. Babu fanka a ciki, babu ramin da zai haɗiye ɗan kifi. Mai Kifi ya ce ga ƙaramin akwati irin namu babu abin da ya fi shi. Kafin ya tafi ya gaya wa Baba cewa kada a taɓa soson sai ya toshe, kuma ko a lokacin, a ɗebi ruwan akwatin a ɗan matse shi a ciki a mayar. Baba ya gyaɗa kai har mutumin ya fita, sannan ya dube ni ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an wanke abu a cikin ruwan dattinsa ba.

Yaya, kai ma ka san gidan da muka tashi. Gidan da ko tsumman goge ƙafa sai an sa masa bula. Da soson ya fara yin launin ruwan ƙasa, Baba ya kasa zama. Ya cire shi, ya kai bakin famfo, ya zuba masa garin sabulu da ruwan zafi, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa, ya shanya shi a igiya tsakanin rigunan mutane har ya bushe ƙayau, sannan ya mayar. Bayan kwana kaɗan ruwan ya yi fari-fari, kifayen suka taru a sama suna buɗe baki, da safe muka tarar da ɗaya ya juya ciki. Baba ya ce ka gani, datti ne ya rage, bai wanku ba. Ya ƙara sabulu. Duk lokacin da wani kifi ya mutu sai Baba ya ƙara ƙaimi wajen wankin, har ya koma haɗawa da wanke duwatsun ƙasan akwatin. Ni kuma ina can shago kaina ya ɗau zafi, ina ganin soso a igiya ina wucewa, don a gidanmu ganin abu a igiya ba labari ba ne.

A nan ne ya fara gudun wayar Aku. Na san kun lura, don Antina ta tambaye ni ko lafiya, na ce barci yake. Ba barci yake ba. Da ya ji wayar tana ƙara sai ya tashi ya shige banɗaki, ko ya ce alwala zai yi, ko ya fita ƙofar gida ya tsaya kamar mai jiran baƙo. Ya san tambayar farko da za ta yi masa, kuma ba zai iya yi mata ƙarya ba, ba zai iya faɗa mata gaskiya ba. Ya rage cin abinci. Wata rana na same shi zaune gaban akwatin yana kallon hannuwansa, ya ce mini wai ashe har riƙon kifi ya fi ƙarfinsa yanzu. Wallahi maganar ta soke ni, na koma shago na yi kukana a kan kayan guga.

Da aka wayi gari saura guda ɗaya tak, wato Mai Ɗigo, wadda Aku ta fi so, cikinta ya yi tulu, sai na daina jira. Mai Kifi yana shigowa da rigunansa na ce ya ajiye, na ja shi har falo. Bai ko dubi ruwan sosai ba. Ya sa hannu ya ciro soson ya kai hanci, sai ya tambaya cikin ladabi wane ne yake fesa wa kifi turaren wanki. Inna ta toshe baki da mayafi. Baba ya sha mur, ya ce shi ne, kuma a garin nan babu wanda zai koya masa wanki. Mai Kifi ya ce ai ko kusa, shi ma shaida ne, ga rigarsa a jikinsa. Sannan ya yi bayani cewa wannan dattin mai launin ruwan ƙasa da Baba yake yaƙi da shi gida ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye gubar da take fitowa daga kashin kifi. Sabulu da ruwan zafi da maganin da ke cikin ruwan famfo suna kashe su tas, sai gubar ta taru, kifi ya sha. Wato duk ranar da Baba ya mayar da soso fes, ya kori ma'aikatan akwatin ne gaba ɗaya.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, na ce a raina shi ke nan, an taɓa masa abin da ba a taɓawa. Can sai ga shi ya fito, ya zauna, ya ce ya tuna da wani kwat na ulu da aka taɓa kawo wa maigidansa lokacin yana koyon aiki, wani abokin aikinsa ya tsoma shi a ruwan zafi don ya burge, kwat ɗin ya tsuke har ba zai shiga ɗan yaye ba. Ya ce tun ranar ya san akwai tufar da hannu mai ƙarfi yake kashewa, kawai bai zaci soso yana cikinsu ba. Daga nan ya juya wurin Mai Kifi ya ce ya nuna masa yadda ake yi, a hankali, don ya gani da idonsa. Yaya, ni ban taɓa jin Baba ya ce wa wani ya nuna masa ba, sai ranar.

Mai Kifi ya koma shagonsa ya ciro wani tsohon soso daga cikin akwatinsa, ya kawo shi a leda da ruwansa, ya ce wannan rayayye ne, zai riƙe Mai Ɗigo kafin namu ya farfaɗo. Da ka ga soson nan da ka tausaya wa Baba. Ya yi ruwan ƙasa, yana yauƙi, yana warin ƙasar da aka yi wa ruwan sama. Baba ya karɓe shi da hannu biyu yana kau da fuska, amma da kansa ya saka shi. An canza wani kaso na ruwan da wanda aka bari ya kwana a bokiti, aka zuba 'yar ciyawar ruwa a sama don jarirai su sami maɓoya. Daga ranar Baba ya zama mai gadin datti. Inna ta zo da tsumma za ta goge gilashin ta ciki, ya ce ta bi ta kansa tukuna. Ta ce ita auren shekara da shekaru ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da zai kare ƙazanta ba, ya ce wannan ba ƙazanta ba ce, ma'aikata ne, kuma sun fi wasu da ya sani aiki. Da kumfar iskar ta fara raguwa, alamar soson ya toshe, sai ya ɗebi ruwan akwatin a ƙaramin baho, ya matsa shi a ciki a hankali kamar mai wanke kan jariri, ruwan ya yi baƙi, ya mayar da soson yana nan da launinsa. Na ga yatsunsa suna ƙaiƙayin sabulu, amma ya daure.

To ga albishir ɗin. Ran nan da safe ina jera kaya a shago sai na ji Baba yana kirana da sunan da rabonsa da kirana da shi tun ina ƙarama. Na shigo a guje na ɗauka faɗuwa ya yi. Na same shi durƙushe gaban akwatin, tabarau a kan hanci, yana nuni da yatsa. Mai Ɗigo ta haihu. 'Ya'yan ƙanana ne kamar tsinken ashana da aka karya, ido kawai kake gani, wasu a cikin ciyawa, wasu sun dafe jikin soson suna tsattsagar abincin da ya maƙale a kai, kuma babu wanda aka zuƙe. Mun yi ta ƙirgawa muna rikicewa, don ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yanzu sun yi wayo, wutsiyarsu ta fara yin launi, ruwan garau kamar babu shi. Baba ya koma cin abinci har da neman ƙari, kuma duk wanda ya kawo wanki sai an ja shi falo ya ga 'ya'yan Mai Ɗigo, ko yana sauri ko ba ya sauri. Har wani maƙwabci ya kawo nasa soson wai a duba masa, Baba ya shinshina ya ce a rage sabulu. Ni dai farin cikin da nake ciki ba ya misaltuwa, na dawo da ubana.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Goggo da Kawu Mai Taya sun ce a miƙa gaisuwarsu, haka ma maigidana da yaran. Ka gaishe mini da Antina da kyau, ka ba ta haƙuri kan barcin da na ce Baba yana yi. Ka shafa mini kan Aku.

Saƙon Baba kuma shi ne dalilin takardar nan. Ya ce kada kai ko Antina ku gaya wa Aku komai, na waɗanda suka mutu da na waɗanda aka haifa. Ya ce shi aka ba amana, shi zai faɗa mata da bakinsa cewa sauran sun mutu a hannunsa kuma ga yadda aka yi, in za ta yi fushi ta yi da shi, sannan ya juya wayar ya nuna mata abin da ya samu ya riƙe. Don haka da zarar ka gama karantawa, ka ba ta waya ta kira. Yana nan zaune a falo, ya sa na cika masa caji, ya saka wayar a aljihun gaban rigarsa, kuma ya ce a gaya mata wannan karon zai ɗauka.

Wassalam, taka har kullum,
Ƙanwarka, Auta