Yatsun da Kika Raba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Inna, yau so nake in tuna miki da azabar da kika gana mini a Unguwar Sarki, tun Turawa ba su tafi ba, ina 'yar mitsitsiya.

Kina suyar ƙuli-ƙuli na shigo a guje, na yi tuntuɓe, hannuna na dama ya nutse cikin kaskon mai. Da kika fizgo ni, fatar ta saluɓe kamar ɓawon dafaffen dankali.

Goggo, yayar Baba, ta lafta wa hannun ɗanyen kashin shanu, ta dunƙule yatsun, ta ɗaure da tsumma, wai kada iska ta shiga. Da wari ya fara tashi kika saɓa ni a baya sai asibiti, tana bin ki da zagi har bakin titi.

Ke kika danne ni, diresa mai wanke ciwo ya ɓamɓare tsumman har da nama. Ya ce miki in ba a raba yatsun kullum ba, za su haɗe kamar ƙafar agwagwa.

Daga nan na shiga uku. Kowace safiya ki matse ni tsakanin cinyoyinki, ki wanke ciwon da ruwan gishiri, ki ɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar fata tana yagewa, jini yana ɗiga a zanenki, ki cusa ƙyalle mai man kaɗe a tsakani. Na cije ki, na yakushe ki, na kira ki mayya. Iyakarki ki ce, “Sha kukanki, Binta, hannu dai sai ya yi aiki.” Na tsane ki, Inna, tsana ta gaske.

Wata safiya kina kaiwa kan ƙaramin yatsa na shiɗe. Na farfaɗo na tarar kina kuka, kina kiran sunana. Daga ranar ba ki ƙara taɓa shi ba.

Da sauran yatsun na tuƙa tuwo, na yi ɗinki, na yi wa jikokinki kitso. Ƙaramin kuwa har yau yana manne da ɗan'uwansa, ba ya motsi. Inda kika ji tausayina ne kaɗai ya nakasa, Innata, kuma shi na fi so.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, kada Ya bari wuta ta taɓa ko da farcenki. Amin.

Ni ce 'yarki,
Binta